Rage Ƙiba ta Hanyar Gyara Abincin Yau da Kullum: Fa'idodi da Illoli

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Ƙasar Hausa ba ta tsira ba, musamman birane, inda zaman ofis da shago da hawan babur suka maye gurbin noma da doguwar tafiya a ƙasa, shinkafa da taliya da lemon kwalba kuma suka ture gero da dawa gefe. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce daidai.

Hanyar da ake aunawa a nan ita ce mutum ya ci gaba da cin abincin gidansu amma ya gyara shi: ya rage suga da mai da gishiri, ya ƙara ganye da wake, ya taƙaita yawan abin da yake zubawa a faranti. Tiyata da allura da ƙaurace wa abinci ba sa cikin wannan lissafi. Wannan hanya ita ce shawarar da likitoci suka fi bayarwa, kuma tana da hujja a bayanta. Sai dai masu yabonta kan yi alkawarin abin da ba ta iya cikawa, masu kushe ta kuma kan manta da abin da aka riga aka tabbatar game da ita.

Fa'idodi

Hujja mafi ƙarfi tana wajen ciwon suga. A wani babban bincike da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2002, an bi mutane fiye da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai matakin ciwo ba. An nemi wani rukuni ya gyara abinci, ya motsa jiki na minti 150 a mako, ya kuma sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsa. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 a wannan rukuni, alhali a wurin waɗanda aka ba ƙwayar metformin raguwar kashi 31 ce. Abin lura shi ne ƙanƙantar nauyin da aka nema. Ga mai kilo 90, kilo shida ne da ɗoriya, abin da maƙwabta ma ba lallai su lura da shi ba. Adalci dai ya sa a ambata cewa akwai motsa jiki a cikin tsarin, kuma akwai ma'aikata da ke bibiyar mutanen, don haka ba za a jingina nasarar duka ga abinci kaɗai ba.

Hawan jini ma yana amsawa, ta fuska biyu. Saukar nauyi na rage shi, rage gishiri kuma na ƙara ragewa ko da nauyi bai motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi, biredi, ƙullin indomi da yajin tsire. Gidan da ya koma dogara da daddawa, albasa, citta da tafarnuwa wajen ɗanɗano ya rage gishiri mai yawa ba tare da miya ta yi lami ba. Wannan ba ya nufin mai hawan jini ya ajiye maganinsa.

Gyara mafi sauƙi, kuma mafi saurin biya, yana cikin abin sha. Kwalbar lemo ta rabin lita na ɗauke da suga kimanin giram 50, wanda shi ne iyakar da aka ba babban mutum na yini guda. A teburin mai shayi kuwa, ana zuba suga cokali uku ko huɗu a kofi, a bi da madara, a tsiyaya daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa, sannan a miƙa shi tare da rabin biredi da soyayyen ƙwai. Mai sha ba ya lissafa shayin a cikin abin da ya ci, kuma ciki ma ba ya lissafa shi sosai, domin abin sha mai zaƙi ba ya ƙosarwa gwargwadon abin da ke cikinsa. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na gida suna iya kai lemon kwalba suga, ya danganta da hannun mai haɗawa. Wanda ya rage nan kaɗai ya yi babban aiki, kuma bai sha yunwa ba.

Sai mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, fiye da ninki biyu na abin da sitaci ko nama marar kitse ke bayarwa, babban cokali ɗaya kuma yana kai kalori 120. A yawancin ɗakunan girki ba a auna shi. Ana karkata kwalbar man gyaɗa ko man ja a tukunya har sai ido ya gamsu, kuma miyar da mai bai taso samanta ba ana ganin an yi mata rowa. Komawa ga aunawa da cokali, da mayar da ƙosai alala wasu ranaku, da gasa kifi ko dafa dankali a madadin suya, suna rage abin da jiki ke tarawa ba tare da girman faranti ya canja ba. A nan har aljihu yana samun sauƙi.

Wata fa'idar ita ce ba sai an nemo baƙon abinci ba. Gero, dawa, acca, wake, zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa da kabewa duk suna cikin abin da masana ke yabawa, saboda hatsin da ba a surfe shi tas ba da ganye da wake suna daɗewa a ciki, ba sa kuma ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa da fulawa. Wani gwaji da aka yi a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, aka buga sakamakonsa a 2019, ya ba da haske a kan wannan. An ajiye mutum 20, aka ba su abincin masana'anta na mako biyu da abincin da ba a sarrafa shi sosai ba na mako biyu, aka bar kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kimanin 500 a rana ba tare da sun yi niyya ba. Gwajin ƙarami ne kuma gajere, bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Haka kuma sunan gargajiya ba ya wanke komai: malmala uku ta tuwon dawa tana nan a malmala uku, furar da aka cika wa suga kuma ta tashi daga sahun da ake yabo.

Gaɓoɓi suna jin bambanci da wuri. Bincike ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ga dattijon da ruku'u da sujada suka fara yi wa wuya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Minshari da yankewar numfashi a barci su ma sukan ragu.

Tunda tukunya ɗaya ake dafawa, gyaran da aka yi saboda mutum ɗaya yakan amfani gida duka, har da yaran da harshensu ke sabawa da ɗanɗano tun yanzu.

Illoli

Babban abin da ba a cika faɗa ba shi ne nauyin da aka sauke yakan dawo. Binciken da ya bi mutane shekaru bayan sun rage ƙiba ya nuna cewa mafi yawansu sun mayar da kaso mai yawa na abin da suka sauke cikin shekara biyar. Dalilin bai tsaya ga rashin juriya ba. Idan kitse ya ragu, jiki yana ɗaukar hakan a matsayin alamar fari: sinadarin da ke tayar da yunwa yana ƙaruwa, wanda ke sanar da ƙoshi yana raguwa, kuma jiki yana rage abin da yake ƙonawa ko a zaune. Ga shi tafiyar tana da jinkiri tun farko. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da ake ɗauka daidai, kuma bayan wata shida sikeli yakan tsaya cak. Wanda ya shiga da tsammanin sauya kamanni zai iya ficewa da takaici, alhali sugansa da jininsa sun gyaru. A gefe guda, a binciken ciwon suga da aka ambata, kariyar ta ci gaba shekaru bayan wani ɓangare na nauyin ya dawo, abin da ke rage wa wannan illa kaifi ba tare da ya share ta ba.

Tsada ma gaskiya ce. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Shawarar a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum tana da sauƙin faɗa, amma magidanci mai ciyar da mutum goma yana sayen abin da zai cika ciki ne, kuma garin kwaki da masara da taliya sun fi kifi da ƙwai da lemu arha. Mangwaro da kankana da gwaiba suna da lokacinsu, tumatir kuma yakan yi tsada da damina. Wake yana cin gawayi da lokaci, abin da ya sa ma'aikaciya mai dawowa gida da yamma take ɗora indomi. Rage suga da mai ba ya cin ko kwabo, amma ƙara abin da ya kamata a ƙara yana ci.

Akwai haɗarin a rage abin da jiki ke bukata tare da abin da ba ya bukata. Binciken nan na 2018 ya gano ƙarancin jini a kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya, da tsumburewa a kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma tsumburewar ta fi tsanani a Arewa. Mace na iya zama mai ƙiba kuma mai ƙarancin jini a lokaci guda. Idan irin wannan ta yanke nama da hanta da ƙwai da sunan rage teɓa, ta ƙara wa kanta matsala. Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage nauyi ba ne a gare su sai da sa idon ma'aikacin lafiya. Tukunya ɗayan da aka yaba a sama ita ma tana da wata fuska: ƙaramin yaro cikinsa ƙarami ne, yana bukatar mai da abinci mai ƙarfi, don haka tsarin da ya dace da uba mai tumbi zai iya tauye ɗan shekara biyu.

Masu shan magani suna bukatar kulawa ta daban. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, idan ya rage abinci bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya kai ga rawar jiki, gumi da suma. Mai ciwon ƙoda kuma wasu abubuwan da ake yabo, kamar ayaba da yawan wake da wasu ganyaye, suna iya cutar da shi.

Gaggawa tana ɓata tsarin. Wanda ya gaji da jinkiri yakan fara tsallake abinci, daga nan ya koma cin sau ɗaya a rana, ko ya sayi shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Da yawa daga irin wannan shayi ganyen sa zawo ne dangin filasko, kuma abin da yake fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, kitse na nan inda yake. Ramewa cikin sauri tana cin tsoka, tana kuma ƙara haɗarin tsakuwa a maɗaciya. Ba daidai ba ne a ɗora wa gyaran abinci laifin waɗannan, sai dai sau da yawa daga ƙofarsa ake shiga.

Zamantakewa na da nata nauyin, kuma bai kamata a raina shi ba. A wurare da dama har yanzu cikar jiki alamar kwanciyar hankali ce, shi ya sa ma kasuwar magungunan sha-ka-fashe take ci duk da gargaɗin likitoci. Matar aure da ta sauke kilo takwas za ta iya zuwa suna ko biki wata gwaggo ta ja ta gefe ta ce, "'Yar nan, lafiya kuwa? Ko mijin naki ne ba ya riƙe ki da kyau?" Namiji kuma a fara raɗe-raɗin karayar arziki ko wata cuta. Inda ake haɗuwa a tire ɗaya, da wuya mutum ya san iya abin da ya ci, kuma tsame hannu da wuri a gidan surukai yana bukatar bayani. Watan azumi, wanda ake zaton zai taimaka, yakan zo da soye-soye da kayan zaƙi a buɗa-baki.

Yawan sa ido a kan abinci na iya rikiɗewa ya zama damuwa, musamman ga 'yan mata masu tasowa, har a kai ga tsoron cin abinci ko cin sa a ɓoye. Kuma idan aka ce ƙiba duk daga faranti take, an zalunci waɗanda tasu ke da wani tushe: gado, matsalar maƙoƙo, wasu magungunan taɓin hankali, ko ƙwayoyi irin dexamethasone. Irin waɗannan za su iya yin duk abin da aka ce, sakamako ya zo kaɗan, sannan a zarge su da kwaɗayi.

Ɗanyen ganye da 'ya'yan itace suna zuwa da sharaɗin tsafta. Latas da kabeji da karas da aka yi wa ban-ruwa ko aka wanke da gurɓataccen ruwa suna ɗauke da taifot da kwalara da tsutsar ciki, nonon da ba a dafa madararsa ba kuma yana iya yaɗa cututtukan shanu.

Akwai kuma ruɗin da ke tattare da ganin sikeli yana sauka. Tarin fuka, ciwon suga da ya riga ya kama, cutar ƙanjamau, wasu nau'o'in daji da yawan aikin maƙoƙo duk suna ramar da mutum. Wanda ya fara gyara abinci a daidai lokacin da ɗaya daga cikinsu ya fara aiki zai iya ɗaukar ramar a matsayin nasara, ya yi watanni bai je asibiti ba. Idan nauyi yana zuba fiye da gwargwadon abin da aka rage, ko ya zo tare da tarin da ya wuce mako biyu, zufar dare, yawan ƙishirwa da fitsari, ko kasala marar dalili, abin da ake bukata gwajin jini ne da na majina.