Furen Daliya a Kwalba

Daliya fure ne mai kyaun gani, asalinsa daga ƙasar Meksiko. A 1963 mutanen can suka mai da shi furen ƙasarsu. Waɗansu sukan ce raki gare shi, wai da an yanke shi an sa a kwalba, kwana biyu ya yi yaushi. Ni a ganina laifin na ruwan ne.

Karansa yana da rami a ciki kamar hannun ganyen gwanda, ga saurin ruɓewa. In ruwa ya kwana, ƙwayoyin da ido ba ya gani sukan hayayyafa, su toshe hanyoyin da furen yake sha. Ga shi tsundum cikin ruwa, amma ƙishirwa take kashe shi!

Saboda haka, yara, ku yanke shi da sassafe. Ku zaɓi wanda ya buɗe, gama ɗan toho da wuya ya buɗe a kwalba. Ku tsige ganyen ƙasa. Kowace safiya ku wanke kwalbar, ku sake ruwa, ku ɗan datse gindin karan, ku ajiye a inuwa. Haka yakan kai kwana biyar.