Lafiya Uwar Jiki: Hantar Jariri Mai Farfaɗowa

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ciwon hanta na jarirai wanda ake gadonsa. Ba shi da yawa a duniya, amma akwai abin koyo a cikinsa.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai waɗansu 'yan ƙananan murhu da ake kira mitokondiriya, inda abinci yake zama ƙarfin jiki. Kayan aikin murhun nan da furotin ake gina su, masu kawo tubalan ginin ɗaya bayan ɗaya kuwa waɗansu 'yan dako ne da ake ce da su tRNA. Uku daga cikin 'yan dakon ba su iya aiki sosai sai an liƙa musu ɗan ɗigon farar wuta. Ƙwayar gado mai suna TRMU ita ce mai kula da wannan liƙi.

Sa'ad da ta lalace, sai murhu ya yi sanyi, hanta kuma ta kasa aikinta. Likitoci a Isra'ila ne suka gano haka a shekara ta 2009, yawancin jariran kuwa daga zuriyar Yahudawan Yaman suke. Ciwon yakan taso cikin watannin farko bayan haihuwa: jariri ya ƙi nono, ya yi ta amai, idanunsa su zama ruwan ɗorawa.

Waɗansu jariran sukan rasu. Amma da yawa daga waɗanda suka tsallake watannin nan, hantarsu takan farfaɗo. Masana suna ganin dalilin shi ne, farar wutar daga wani sinadari mai suna sistin take fitowa, jikin sabon jariri kuwa bai iya haɗa shi da yawa ba tukuna. Shi ya sa yanzu likitoci sukan ba irin jariran nan sistin a asibiti.

Gadonsa irin na sikila ne: sai uba da uwa duka suna ɗauke da shi, sa'an nan a kowane ciki akwai hatsarin kashi ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci yakan sa masu ɗauke da shi su fi haɗuwa. Saboda haka, dangin miji, kada ku ɗora wa uwa laifi.

Ciwon shawara a jariri yana da dalilai da yawa, likita ne zai tantance. In kun ga idanunsa sun sāke launi, balle ma in ya ƙi nono, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku kai shi asibiti a ranar.

Sai wata mai zuwa.