Wasiƙa Zuwa Ga Masu Koyon Haɗa Fuskar Wasan Kwaikwayo

 

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne yawan fuskokin da nake gani waɗanda bango kawai suka dace da shi. A rataye gwanin sha'awa, fenti ya zauna, gira ta fito. Amma da ɗan wasa ya ɗaura ya hau dandali, kafin a je ko'ina ta fara cin karan hancinsa, gumi ya cika masa ido, muryarsa ta maƙale a ciki. Mai wannan aikin ya manta cewa mutum ne zai shiga bayanta, ya yi numfashi, ya yi tsalle, ya yi magana.

Ba ku kuka fara wannan tuntuɓen ba. A 1947 aka fara nuna wasan Carlo Goldoni na Arlecchino, baran iyayengiji biyu, a gidan wasan Piccolo da ke Milan ta Italiya, Giorgio Strehler na jan ragama. Marcello Moretti, wanda ya fito a Arlecchino, ya ƙi fuskar da aka ba shi don tana takura masa, ya gwammace ya zana baƙar fuskar a fatarsa. A lokacin sana'ar fuskar fata ta daɗe da mutuwa a ƙasar. Wani masassaƙi ɗan birnin Padua, Amleto Sartori, shi ya bi tsofaffin fuskokin da suka rage a gidajen tarihi, ya yi ta gwadawa yana gyarawa a kan fuskar ɗan wasan har Moretti ya yarda ya ɗaura. Bayan rasuwar Sartori a 1962 ɗansa Donato ya riƙe sana'ar. Ku lura cewa ƙorafin ɗan wasa ne ya farfaɗo da ita, don haka in naku ya ce tana matsa masa, kada ku ce raki ne.

Daga fuskar mai sakawa ake farawa. Ku ɗauki siffarta da bandejin filasta irin na ɗorin asibiti, bayan kun shafe gira da gashin ido da gemu da man basilin, kun bar ƙofofin hanci a buɗe. Don Allah kada ku kwaɓa filastar silin ku zuba wa mutum kai tsaye. Tana ɗaukar zafi yayin da take daskarewa, ta kuma kama gashi. A kan wannan siffar za ku gina yumɓu, daga nan ku sassaƙa irinta da itace mai tauri wanda zai jure ƙusa da duka. Nan ne mafi yawanku ke gajiya, to amma duk kuskuren da aka bari a itace sai ya fito a fata.

Batun fata kuwa, mun fi mutanen Padua sa'a in mun san abin da ke hannunmu. Fatar da aka jeme da itatuwa ce ke karɓar siffa in ta jiƙa, ta kuma riƙe ta in ta bushe, jimar bagaruwa da majemanmu suka gada ita ce irin wannan. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a manyan masana'antu ta yi wa jaka da takalmi, amma ko kun kwana kuna dukanta ba za ta tsaya ba. Gwajin ba wuya: jiƙa gefenta ka danna da farce, in shatin ya zauna to ka samu. Ƙirgin saniya za ku nema, fatar akuya ta yi siriri. Ku je wurin dukawa ku zauna, ku ga yadda baduku ke fefe bakin fata da wuƙa har ya naɗu ba tare da ya yi tudu ba, wannan ba a koyonsa daga littafi.

In fatar ta sha ruwa ta yi laushi, sai a ja ta a kan itacen, a kafe ta da ƙananan ƙusoshi ta baya. Sannan a ɗauki guduma mai kan ƙaho a bi ta da duka sannu sannu, daga kwarmin ido zuwa gefen hanci, har ta kwanta a kowane lungu, a bi da sanda mai santsi a murje shatin dukan har ta yi sheƙi. Da hunturu ku riƙa rufe ta da ɗanyen tsumma, in ba haka ba za ta bushe muku aiki bai kai rabi ba. Wanda bai da kuɗin ƙirgi ya fara da takardar buhun siminti da farin gam na kafintoci. Kokon rogo ya fi arha, sai dai kyankyasai na sonsa, gumi kuma na narkar da shi.

Wani abin da nake so ku rage shi ne cika fuska da dariya ko fushi. Fuskar da ta riga ta gama dariya a teburinku ba ta bar wa ɗan wasa komai ba. Masu sassaƙa fuskar wasan No na Japan sun daɗe da gane wannan. Fuskar budurwa da suke yi da itacen hinoki, su bi ta da farin garin ɓawon kawa da gam shafi bisa shafi, ba ta murmushi sosai ba ta kuma ɓata rai. In ɗan wasa ya ɗaga ta kaɗan haske ya sauka a kanta sai ta washe, in ya sunkuyar inuwa ta rufe ido sai ka ga baƙin ciki. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ma ya san haka, ai ba sassaƙar ce ke ruɗin namun daji ba, duƙawar ce da yadda yake kai baki ƙasa kamar mai kiwo.

Saboda haka kada ku yi fenti sai kun gwada. A ɗaura wa ɗan wasan, a kunna fitilar dandali, ku koma layin ƙarshe na 'yan kallo ku sa shi ya juya, ya sunkuya, ya ɗaga murya. Ƙananan zane-zanen da kuka ɓata dare a kansu za su ɓace daga can, ƙashin kunci da goshi da hanci ne za su rage. Ku faɗaɗa ramin ido kaɗan kaɗan har ya iya ganin ƙafarsa da abokin wasansa, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. In rabin fuska ce, ku tabbata bakinta bai taɓa leɓen sama ba.

Daga ƙarshe ku juya ta ciki. A goge duk wani kaushi, a naɗe bakin fatar a kan siririyar waya don kada ta lanƙwashe, a shafa banish saboda gumi, a liƙa ɗan soso a goshi ya ɗage ta daga gashin ido. Bayan kowane wasa a share cikinta a shanya a inuwa, kada a cusa ta a leda da damina, hunhuna za ta yi.

Ku gaida malamanku. Wassalam.