Waƙoƙi Biyar Don Kunnen Da Ya Fara Ƙuntata

A zamanin da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna yake tashe, mai jiran gaisuwarsa sai ya saurari zaɓin mutum goma kafin a zo kan nasa. Ta haka kunnuwan iyayenmu suka yalwata. Wayar hannu kuwa irin abin da ka saurara jiya take sake miƙo maka yau. Birnin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba mazaunansa zuwa arewa da kudancin kogi bai kamata ya bari a raba masa kunne ba. Ga waƙoƙi biyar da nake ganin sun cancanci sauraro a natse.

Ta farko "Dokin Iska Ɗan Filinge" ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa. Yabon doki ce, amma duk mai son sanin inda Hausa take kaiwa wajen siffantawa, nan zai fara.

Ta biyu "Waƙar Karen Mota" ta Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ɗauki yaron da matafiya ba sa ko kallo ya ba shi martaba. Mai bi ta tashar Kawo ya saurare ta, ya sake duban masu lodi.

Ta uku "Ikon Allah" ta Bala Miller, wanda ƙungiyarsa ta yi zamani a Costain Club a nan Kaduna. Kayan busa na Turawa ne, harshe Hausa, saƙon kuma bai tambayi addinin mai sauraro ba. Wannan ita ce Kadunar da ya kamata 'ya'yanmu su ji muryarta.

Ta huɗu "Inta Umri" ta Ummu Kulsum ta Masar, wadda Muhammad Abdulwahab ya tsara wa kiɗa a 1964. Doguwa ce ƙwarai, ba a jin ta a tsaye. Tana koyar da haƙurin da gajerun bidiyo suke ƙwace mana.

Ta biyar "Da So Samu Ne" ta DJ AB, ɗan wannan gari. Manya da yawa suna kau da kai daga gambarar zamani tun kafin su ji ta, alhali a cikinta ne Hausar matasan Unguwar Rimi da Malali take sabunta kanta. Wanda zai yi hukunci a kan tarbiyyarsu, ya fara jin abin da suke faɗa.

Wani zai ce ɗanɗano ba a tilasta shi. Gaskiya ne, amma ana renonsa, kamar yadda ake renon karatu. A wannan mako, mai karatu ya zaɓi wadda ta fi nisa da ransa a cikin biyar ɗin, ya ji ta har ƙarshe, sannan ya tambayi maƙwabcinsa tasa.