Muna Zaune A Kan Citta, Muna Ba Baƙo Lemon Kwalba

Ya ku 'yan uwana mazauna Kafanchan, Zonkwa, Kachia, Kwoi, Kagoro da sauran garuruwan Kudancin Kaduna. Yau a kan abin sha zan yi magana, kuma daga giyar Japanawa zan faro. Na san wani zai ce "a'uzu billahi" ya kau da kai tun bai ji inda na dosa ba. Ka yi haƙuri ka kai ƙarshe, malam. Ni ba na shan giya, ba na kiran kowa gare ta, haramcinta a wurinmu ba abin jayayya ba ne. Amma idan mutum ya ga maƙwabci ya gyara rumbunsa, ba laifi ba ne ya koyi ginin ko da ba zai ci abin da ke ciki ba.

Japanawa suna da abin sha da suke kira sake. Shinkafa ce da ruwa da wata irin furfura da suke kira koji, wadda ke mayar da sitacin shinkafa sukari. Kayan haɗin ba su fi na kununmu yawa ba. To amma dubi yadda suka ɗauke shi. Sun san irin shinkafar da ta fi dacewa, kamar Yamada Nishiki. Suna goge ƙwayar shinkafa su auna abin da ya rage: idan bai wuce kashi 60 cikin 100 ba suna ce masa ginjo, idan bai wuce 50 ba daiginjo. Sun san cewa ruwan Nada, kusa da Kobe, yana da ma'adinai masu yawa, don haka nasu ya fi kaifi, shi kuwa ruwan Fushimi na Kyoto mai laushi ne, nasu ya fi taushi a baki. Masu ɗanɗanawa suna da farin kofi na musamman mai shuɗin zobe a gindinsa, don su ga launi da tsarkin abin kafin su kai baki. A 2015 gwamnatinsu ta kare sunan "sake na Japan" da doka, sai wanda aka yi a Japan da shinkafar Japan ne zai amsa shi. A Disamban 2024 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Kuma daga wannan shinkafa da koji suna yin amazake, abin sha mai zaƙi da yara ma ke sha, wanda duk Bahaushen da ya ji bayaninsa zai ce ai wannan ɗan uwan kunun zaƙi ne.

Yanzu mu dawo gida. Ka je suna ko ɗaurin aure a unguwanninmu, me ake ajiye wa manyan baƙi? Lemon kwalba da maltina. Kunu kuwa sai a bar wa yara da almajirai a bokiti a bayan rumfa. Idan maigida ya fito da kunun zaƙi gaban surukai, sai a fara raɗa cewa aljihu ya yi rauni. Wannan ƙasƙanci ne muka jawo wa kanmu da hannunmu, kuma ina ce masa wauta ba tare da neman afuwar kowa ba.

Wai mu ne ba mu da harshe? Harshen da ya raba zaƙi da garɗi, ya raba tsami da bauri, ya san yaji, ya san ɗaci, ya san abin da ya yi lami? Tsohuwar da ta shekara talatin tana dama kunu, kurɓa ɗaya za ta yi ta gaya maka na gero ne ko na dawa, da dankali aka zaƙaƙa shi ko da tsiron shinkafa ko kuwa sukari aka antaya don a ɓoye ha'inci. Na gero fari ne mai sauƙi a maƙogwaro. Na jar dawa ya fi nauyi, yana da ɗan bauri a ƙarshe. Kunun acca, wadda ake nomawa a wannan yanki da Filato, ya fi su laushi duka. Kunun gyaɗa garɗinsa ne abin nema, kunun tsamiya kuwa tsaminsa ne ke buɗe cikin mai azumi. Ga kunun aya, ga kunun kanwa na mai jego, ga zoɓo, ga lamurje. Duk abin da Bajapane ke yi da farin kofinsa, iyayenmu mata suna yi da ludayi. Su sun rubuta nasu sun ba shi suna da daraja, mu kuwa muna jin kunyar namu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar citta. Kudancin Kaduna ne cibiyar noman citta a Najeriya: Jaba, Kachia, Kagarko, Jama'a. Masu saye a ƙasashen waje sun san cittar nan da ƙarfin yaji da yawan mai. Iri biyu aka fi sani, kuma ku lura da sunayensu, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Tafin Giwa mai kauri ce, cikinta ɗorawa-ɗorawa. Yatsun Biri siririya ce, cikinta ya fi duhu. Sunayen Hausa ne a kan amfanin gonar da Ham da Bajju da Adara da sauran maƙwabtanmu suka fi nomawa, abin da ke nuna tsawon lokacin da muka yi muna cuɗanya a kasuwa ɗaya. Amma matasanmu nawa ne za su iya bambanta su da baki? Mu ne dillalai, mu ne masu sito, mu ne masu lodi zuwa Legas. Mukan haɗa ta Kwoi da ta Kachia a buhu ɗaya, mai kyau da maras kyau, mu sayar da sunan "citta" kawai. Can a waje a niƙa ta, a ɗura a ƙananan jakunkunan shayi, a dawo mana da ita a kwali mai hoto, mu saya da tsada muna yabon ƙamshinta.

A daminar 2023 cutar ruɓa ta auka wa gonakin citta a wannan yanki, ta cinye amfanin manoma masu ɗimbin yawa, iri ya yi wuya, farashin buhu ya ninka sau da dama. A lokacin ne kowa ya ji a bakinsa. Kunu ya yi lami, shayi ya rasa kaifi, yajin mai jego ya zama na masu hali. Manomi a Jaba ya yi asara, dillali a Kafanchan ya zauna hannu rabbana, mai kunu a tasha ta rage ludayi. Cutar ba ta tambayi kowa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ba.

Wannan ya kawo ni kan maganar da muka fi jin zafinta. Ana ce mana baƙi, alhali Masarautar Jama'a ta kafu tun farkon ƙarni na 19, kuma kakannin da yawa cikinmu sun iso Kafanchan tare da layin dogo a shekarun 1920. Mun ga 1987, mun ga Zangon Kataf a 1992, mun ga 1999, mun ga 2011. Kowane ɓangare ya binne nasa. Ba zan ce kunu zai warkar da wannan miki ba, ba ni da wannan rainin hankalin. Amma ina tambayar 'yan uwana: ta yaya za ka nace cewa kai ɗan ƙasa ne, alhali kana raina abin da ƙasar ke fitarwa? Akwai masu cewa kunu na gaskiya sai Kano ko Zariya, na nan kwaikwayo ne. Subhanallah! Cittar da ke cikin kunun Kano daga ina aka kai ta? Wanda kullum bakinsa ke kallon arewa, shi da kansa yake sa hannu a takardar baƙuncinsa.

Wasu za su ce ai tsakanin kunu da burkutu tazarar kaɗan ce, gara a nisanci wannan zance. Gaskiya ne dawa ɗaya ce, tsiro ɗaya ne. Bambancin yana ga niyya da lokaci: mai burkutu da gangan take barinsa kwanaki ya tashi har ya bugar, mai kunu kuwa yau ta dama yau a sha. Malamanmu sun daɗe da bayyana hukuncin jiƙon da bai kai ga maye ba da wanda ya kai. To wa zai fi kiyaye wannan iyaka, wanda ya san ɗanɗanon kunu tun yana sabo har ya fara juyawa, ko wanda bai san komai ba sai buɗe murfin kwalba? Sani ne ke tsare mutum daga haram, jahilci bai taɓa tsare kowa ba.

Wasu kuma za su ce tsabta ce matsalar, ana zuba kunu a tsofaffin robobin da aka tsinto. Wannan ƙorafi na karɓe shi. Amma maganinsa ruwa mai kyau ne da sabuwar roba da murfi mai hatimi, kuma mai sana'a ba za ta iya sayensu ba muddin muna taya kununta da kuɗin da bai kai na ruwan leda biyu ba. Ka biya lemon kamfani ba ciniki, ka zo kana yi wa bazawara mai marayu ƙwauron naira hamsin. In ka raina sana'a ka hana ta kuɗi, kada ka yi mamakin ganinta cikin dauɗa.

Ga abin da nake kira gare shi, kuma babu wanda ke buƙatar gwamnati a ciki. Na farko, a suna da biki da walimar sauka, a ajiye kunu da zoɓo da lamurje a gaban manyan baƙi cikin kwano mai kyau, a faɗi sunan wadda ta dama. Na biyu, masu sana'ar su riƙa gaya wa mai saye hatsin da suka yi amfani da shi da garin da cittar ta fito. Na uku, dillalanmu su daina gwamutsa buhu, su ware iri da iri, gari da gari, su biya manomin da ya busar da tasa da kyau fiye da wanda ya yi ha'inci. Na huɗu, ƙungiyoyin matanmu su gayyaci matan Fantswam da Kaninkon da Bajju da Ham a yi gasar dama kunu sau ɗaya a shekara, tsofaffi su zauna su ɗanɗana su yi hukunci. Kunu dai kowa na sha, Musulmi da Kirista.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Nan ne gidanmu, kuma abin da ke cikin ƙwaryar iyayenmu bai gaza na kowace ƙasa ba. Wanda bai yarda da ni ba, ya kawo hujjarsa, ina saurare. Allah Ya ba manomanmu damina mai albarka, Ya kare citta daga cuta, Ya zaunar da Kudancin Kaduna lafiya. Amin.