Maurice Edu bai ci amanar kowa ba



Akwai maganar da na gaji da ji a gidajen kallon ƙwallo, wai duk ɗan asalin Najeriya da ya buga wa wata ƙasa ya ci amanar gida. In an gama da Saka da Alaba, sai wani tsohon ɗan kallo ya jefo sunan Maurice Edu. To ni ban yarda ba, kuma mu da ake kira baƙi a Abuja mu ya kamata mu fara kama bakinmu.

Iyayen Edu 'yan Najeriya ne, amma a garin Fontana na jihar Kalifoniya aka haife shi a 1986. A Amurka ya yi makaranta, a can ya koyi buga tsakiya, ya ci kofin jami'o'i da Jami'ar Maryland a 2005. Toronto FC ta ɗauke shi a 2007, shekara na zagayowa Rangers ta Sikotilan ta saye shi fam miliyan 2.6, ya ɗauki kofin lig sau 3 da ita. Sau 46 ya sa rigar Amurka. Masu dogon tunani ba su manta wasan Sulobeniya a gasar duniya ta 2010 ba, inda ya jefa ƙwallon da za ta ba Amurka nasara, alƙalin wasa Koman Coulibaly ɗan Mali ya soke ta, aka tashi 2-2. Daga baya ya je Stoke City ya sha benci, ya koma Philadelphia Union, raunin ƙafa ya ƙarasa shi. Ku faɗa mini, a wane mataki Najeriya ta saya masa ko takalmi, har ake bin sa bashi?

Shi ma fa ya ɗanɗana baƙunta. A 2009 ya bayyana cewa wasu magoya bayan Rangers ɗin da yake wa wahala sun zage shi saboda launin fatarsa. Amma da Amurka ta tashi kiransa, ba ta ce ya kawo takardar ƙauyen kakansa ba.

Mu kuwa fa? Yaro an haife shi a Dei-Dei, ubansa ya shekara 30 yana sayar da dabbobi a kara ko yana dakon katako, yana biyan haraji a nan. Ranar da zai nemi aikin gwamnati ko shiga soja, sai an tura shi Daura ko Gumel neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, garin da ba ya zuwa sai da sallah. Ko lokacin rikicin 'yan kasuwa da 'yan acaba na Mayun 2022, da kasuwar katako ta ƙone, bakuna nawa suka ce mu koma inda muka fito?

Wannan yana mana ciwo, kuma da gaskiyarmu. Amma haba jama'a! Bakin da ke cewa ɗanmu ɗan Abuja ne tunda a nan aka yanke masa cibiya, shi ne kuma ke cewa Edu ba Ba'amurke ba ne? Sunansa na tsakiya Chinenye. Da a Sabon Garin Kano aka haife shi maimakon Fontana, ya tashi da Hausa a bakinsa, mu nawa ne za mu yarda a ba shi takardar Fagge ba tare da gunaguni ba?

Mai hujja ya rubuto a ƙasa, amma ban da zagi don Allah.