Kada a Tura Yaro Damben Kuɗi Bai Yi Na Koyo Ba

'Yan uwanmu fatake da ke safara tsakanin Jibiya, Illela, Birnin Konni da birnin Abijan sun san cewa ba a ɗaukar yaro yau a danƙa masa shago gobe. Sai ya yi shekaru yana dako, yana lissafi, yana kallon yadda maigida ke ciniki, sannan a ba shi jari. Wannan ƙa'ida ta kasuwar Adjamé ita muke so iyaye su riƙe idan ɗansu ya ce zai shiga damben zamani, musamman da yake babban zauren wasanni na Treichville yana nan kusa, kuma matashi mai ƙarfi ba ya rasa mai zuga shi.

Damben boksin iri biyu ne. Akwai na 'yan koyo, wanda ake zuwa gasar Olamfik da shi: turmi uku kacal, kuma da alƙali ya ga yaro ya jigata sai ya raba. Akwai na kuɗi, wanda kan kai turmi goma sha biyu. A na farko faɗuwa darasi ce, gobe ma a sake. A na biyu kuwa faɗuwa biyu ko uku kan karya darajar ɗan dambe, daga nan sai ya zama wanda ake haya domin wasu su yi suna a kansa.

Tarihi yana bayan masu haƙuri. Azumah Nelson na Gana sai da ya ci zinare a gasar Commonwealth ta 1978 kafin ya zama zakaran duniya a 1984. Samuel Peter ya wakilci Nijeriya a Olamfik ta 2000, bai ɗauki kambun WBC ba sai 2008. Anthony Joshua ma zinaren Landan na 2012 ne ya share masa fage.

Masu gaggawa kan kawo misalin Francis Ngannou na Kamaru, wanda a damben boksin ɗinsa na farko, a Riyad cikin 2023, ya kai Tyson Fury ƙasa. Gaskiya ne. To amma Ngannou ya riga ya ƙware a faɗan UFC, kuma duk da haka bai ci wasan ba. Da ya haɗu da Joshua a 2024, a turmi na biyu aka gama da shi. Mun kuma yarda cewa lambar yabo ba ta ba kowa tabbacin arziki. Da yawa sun dawo da ita sun ƙare hannu rabbana. Abin da damben koyo ke bayarwa shi ne sanin kare kai da sanin abokin karo.

Mutanen Kodebuwa ba su manta da David Thio ba. Yana da shekara 22 aka haɗa shi a birnin Lyon na Faransa, a watan Maris na 1989, da Terrence Alli, wanda ya riga ya nemi kambun duniya har sau biyu. An buge shi a turmi na tara, ya yi kwanaki a sume, ya rasu. Ratar gogewa a wannan fage tana iya cin rai. Ko a damben gargajiya, wane sarkin dambe ne zai haɗa sabon yaro da irin su Shago?

Saboda haka idan wani dillali ya zo rumfarka da takarda, ya ce zai kai ɗanka Turai, tambaye shi: karo nawa yaron ya yi a damben koyo, wa za a haɗa shi da shi, likita ya duba shi? Kada ka sa hannu sai wanda ka amince da shi ya karanta maka takardar da Hausa. Muna kuma kira ga hukumar damben Kodebuwa da ta ƙi ba da lasisin damben kuɗi ga duk yaron da bai nuna shaidar wasanninsa na koyo ba, shugabannin Hausawa na Adjamé da Treichville kuma su riƙa sanar da wannan a masallatai da tarukan 'yan kasuwa.